Tseren Babur na Supermoto: Abin da Ya Kamata Uwa Ta Sani

Uwargida, in kina da ɗa saurayi mai riƙe da waya, da wuya a ce bai taɓa kallon bidiyon masu tseren babur suna shan kwana ba: babur ya kwanta kamar zai faɗi, tayar baya tana zamewa, ƙafar mahayi tana jan kwalta. Sunan wannan wasa Supermoto, kuma ya kamata ki san shi, domin abin da ke burge yaro a waya shi yake son gwadawa a titi.

An fara shi ne a Amurka a 1979, lokacin da wani mai shirya wasanni, Gavin Trippe, ya haɗa wa gidan talabijin na ABC wata gasa mai suna Superbikers a garin Carlsbad na jihar Kalifoniya. Manufarsa ita ce a tara gwanayen tseren kwalta da gwanayen tseren turɓaya a fili ɗaya, a ga wanda ya fi. Da aka daina gasar bayan 1985, sai Faransawa suka ɗauke ta suka kai gida, ta bunƙasa a Turai. A 2002 hukumar tseren babur ta duniya, FIM, ta fara gasar duniya, wani Bafaranshe, Thierry van den Bosch, ya lashe ta.

Me ya sa yake ta samun karɓuwa? Sauƙinsa ne. Babur ɗin tseren daji ake samu a sa masa ƙananan tayoyi masu inci 17. Ba ya buƙatar makeken fili, ko filin tseren ƙananan motoci ya isa. Galibi kusan kashi 70 cikin 100 na hanyar kwalta ce, sauran kuwa ƙasa ce mai tudun da ake tsallakewa. Har manyan zakarun duniya irin su Marc Márquez suna yin atisaye da shi.

To amma ga abin da yaro ba ya lura da shi a bidiyon. Filin a killace yake, babu mota, babu ɗan makaranta mai tsallaka titi, kowa gaba ɗaya ya nufa. Mahayin yana sanye da hular kwano mai rufe haɓa, da rigar fata, da safar hannu, da dogon takalmi, da abin kare ƙashin baya. Akwai masu tuta a gefen hanya: in sun ɗaga rawaya, akwai haɗari a gaba, in sun ɗaga ja, an tsayar da tseren. Motar asibiti kuma tana nan a tsaye. Duk da haka ana faɗuwa, ana karaya. Ina ga wanda ya kwaikwayi wannan da silifa a ƙafa, kai babu hula, a ranar ɗaurin auren abokinsa?

Saboda haka uwargida, faɗa kaɗai ba zai wadatar ba. Ki zauna ku kalli bidiyon tare, ki sa shi ya lissafa miki kayan da ke jikin mahayin. Ku yi shawara da maigida, kada a miƙa wa yaro makullin babur sai da hular kwano, kuma ya ɗaure igiyarta. Allah Ya tsare mana zuri'a.