Kafin Uwargida Ta Tafi Ganin Gida, A Tabbata Za Ta Iya Dawowa

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani dattijo tsohon malamin makaranta da ke zaune a cikin birnin Zariya ya ja mu gefe, ya miƙo mana wata takarda da ta ninku har ta yi laushi. Matarsa baƙuwa ce, ya auro ta ne daga ƙasar da ya yi karatu, sun fi shekara 30 tare, ta iya tuƙa tuwo, Hausa kuwa a bakinta kamar a Ƙofar Doka aka haife ta. Labari ya zo cewa mahaifiyarta tana kwance rai a hannun Allah, aka yi karo-karo aka saya mata tikiti ta tafi. Da aka gama makoki ta zo hawa jirgin dawowa, sai aka ce mata katin izinin zamanta ya ƙare tun bara, ba za a ɗauke ta ba sai da biza. Wata huɗu ta yi a can. Mijin bai ɗora wa kowa laifi ba. Ya ce, "Malam, ni na ajiye katin a ƙasan akwati, ni kuma na manta da shi."

Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu faɗakar da masu karatu, domin irin wannan gida ba ɗaya ba ne a ƙasar Zazzau. Tun da Likita Mila ya zauna a Durumin Mai Garke cikin birni a 1905, kafin a ƙaura da aikin mishan zuwa Wusasa a 1929, Zariya take karɓar baƙi. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai abin ya ƙaru: 'ya'yanmu suka tafi Ingila da Rasha da Indiya da Amurka neman ilimi, waɗansu suka komo da digiri da amarya. Ga kuma na kusa, matan Maraɗi da Damagaram, da na Kamaru da Cadi da Gana, waɗanda su ne ma suka fi yawa a majami'unmu.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, aure ba ya mai da mutum ɗan ƙasa da kansa. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 26, ya ba macen da ta auri ɗan Nijeriya damar a yi mata rajista ta zama 'yar ƙasa, amma sai ta nema ta hannun Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, an amince, ta yi rantsuwa. In ba ta nema ba, ko jikokinta sun cika gida, baƙuwa ce a idon hukuma. 'Ya'yanta kuwa ba su da wannan matsala, domin sashe na 25 ya ce wanda ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa, ko da a waje aka haife shi.

To, hanyoyi uku ne a gaban irin wannan 'yar'uwa. Ko ta yi rajista ta karɓi fasfon Nijeriya, ko ta riƙe fasfon ƙasarsu ta zauna da katin izinin zama, ko kuwa ta riƙa shigowa da bizar ziyara kamar kowane baƙo. Ta ukun nan ba mu ba kowa shawarar ta ba. Bizar ziyara ta ɗan lokaci ce, ba ta ba da izinin aiki, kuma ranar ƙarewarta ba ta jiran suna ko biki. A 2025 Ministan Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya sanar da tarar dala 15 a kan kowace ranar da baƙo ya ƙara bayan bizarsa ta ƙare, tare da hana shigowa na shekaru ga wanda ya daɗe ƙwarai. A shekarar ne kuma, daga 1 ga Mayu, aka maye gurbin bizar da ake bugawa a filin jirgi da wadda ake nema ta intanet kafin a taso. Ke nan wanda ya ce "in ta sauka a Kano ma san yadda za mu yi" yana magana ne da ilimin da ya wuce.

Katin izinin zama, wanda ma'aikatan shige da fice ke kira CERPAC, shi ne mafi yawan matan nan suke riƙe da shi. Turawa da sauran baƙi ma'aikatan kamfani suna biyan kuɗi mai tsoka a kansa, a ƙarshen 2018 ma an ɗaga shi zuwa dala 2,000 a shekara, amma matar ɗan Nijeriya tana cikin waɗanda aka ɗauke wa wannan kuɗi. Dattawanmu za su tuna zamanin da kafin mace ta fita sai an je Kaduna an buga mata bizar dawowa a fasfo. An soke wannan a 2015. Yanzu katin da kansa shi ne izinin dawowa, muddin yana da rai. Sauƙi ne, amma a nan tarkon yake. A da tilas ka je ofis kafin tafiya, sai jami'i ya nuna maka abin da ya kusa ƙarewa. Yau babu mai tuna maka, sai ma'aikacin jirgi a ƙasar waje, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Saboda haka kafin a sayi tikiti a ɗauko kati da fasfo a dubi ranakunsu. In tafiyar ta wata biyu ce kuma katin saura mako shida, a sabunta tukuna. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, a haɗa da katin allurar shawara.

Mu dai a ganinmu, ga wadda ta san nan za a binne ta, rajistar zama 'yar ƙasa ta fi kwanciyar rai, musamman saboda ranar da mai gida zai riga ta tafiya. Mun ga gwauruwar da aka nemi ta kawo wasiƙar mijinta alhali mijin yana ƙasa, 'yan'uwansa kuma sun juya mata baya saboda gado. Sashe na 28 bai tilasta mata ta watsar da ƙasar haihuwarta ba. Sai dai a bincika dokar can tukuna. Indiya, alal misali, ba ta yarda da riƙe ƙasa biyu ba. Wadda ta karɓi fasfon Nijeriya ta rasa nasu, sai ta nemi wata takarda dabam kafin ta je gaida iyayenta. Wannan shawara ce da miji da mata za su zauna su yi, ba wadda dangin miji za su yanke ba.

Game da 'yan'uwanmu mata da suka auri baƙi, gaskiya doka ba ta yi musu adalci ba. Sashe na 26 mace kaɗai ya ambata. Mijin 'yar Nijeriya sai dai ya nemi matsayin baƙo na musamman daga ma'aikatar, ko ya cika shekara 15 a ƙasa sannan ya nemi zama ɗan ƙasa a ƙarƙashin sashe na 27. A watan Maris 2022 an kawo ƙudirin gyara wannan a Majalisar Tarayya, 'yan majalisa suka kayar da shi.

Wanda matarsa ta fito daga Nijar zai ce duk wannan bai shafe shi ba, ai Jibiya ce kawai a tsakani. A yi hattara. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba baƙo ya zauna ba tare da biza ba, bayan haka ana bukatar katin zama. Waɗanda suka ga korar baƙi ta Janairu 1983 sun san yadda ake raba gida a mako biyu. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 a Yamai an rufe iyaka har zuwa Maris 2024, mata da yawa da suka je gida suka maƙale. A ranar 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanensu suna shige da fice har sai an sake sanarwa. Abin da ke rataye a kan sanarwa ba abin dogaro ba ne.

Saura namu laifin, mu ma'aikatan ikkilisiya. Duk hanyoyin nan a kan takardar aure suke tsaye. Sau da yawa abin da ma'aurata ke riƙe da shi takardar albarka ce da Fasto ya sa wa hannu, ba takardar auren doka ba, wadda ake samu bayan an manna sanarwa ta kwana 21 a wurin magatakardan aure, aka kuma ɗaura a majami'ar da ke da lasisin gwamnati. Dattawan ikkilisiya su duba ko majami'arsu tana da wannan lasisi, su kuma duba littafin rajista, ko gara ba ta cinye shi ba. Na dattijon nan an same shi lafiya a ofishin Fasto, da shi aka kai ofishin jakadancin Nijeriya a can aka ba uwargida biza. Ta sauka a Kano ana saura kwana tara Kirsimeti, yanzu kuma takardunta na rajista suna Abuja.