Lissafin Guzuri da Kuɗin Izini a Doguwar Tafiyar Ƙasa: Misali daga Fataucin Gwanja

1.0 Gabatarwa

Hausawan da ke zaune a unguwannin zango na Ankara, irin su Nima da Mamobi da Sabon Zango, da dama daga cikinsu jikokin mutanen da suka tako da ƙafa ne daga ƙasar Hausa. Ita kanta kalmar “zango” asalinta wurin da ayari ke yada kaya ya kwana. A wannan takarda za a duba yadda fatake ke tsara kuɗin tafiyar da ke cin watanni, musamman abin da suke biya kafin a ba su hanya, sannan a kwatanta da halin da matafiyi ke ciki a yau.

2.0 Hanya da Shugabancin Ayari

A ƙarni na 19 ayarin goro kan tashi daga Kano da kaka, ya bi ta Sakkwato ko Jega, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu da Sansanin Mango da Yandi, ya sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan sana'a. Madugu ke shugabantar ayari, jagaba na gaba, uban dawaki kuwa yana taimaka wa madugu wajen tara abin da za a biya a hanya.

3.0 Kashe-kashen Kuɗin Tafiya

Za a iya kasa abin da bafatake ke kashewa gida uku.

Na farko, kuɗin izini. Kowace ƙasa aka shiga sai an kai wa sarkinta gaisuwa, an kuma biya garama a kan kaya. A bakin kogi a biya fito. Madugu ke yin ciniki a madadin kowa, sannan a raba wa 'yan ayari gwargwadon dabbobi da kayan kowane mutum. Amfanin tafiya cikin ayari ke nan: mutum ɗaya ba shi da bakin neman ragi, amma sarkin da ya tsananta wa babban ayari ya san baɗi za a iya canza hanya a bar shi.

Na biyu, kuɗin yau da gobe, wato abincin mutum da na 'yan alaro, da harawar jakuna, da la'adar mai masauki. Wannan kashi yawan kwanaki ke ƙayyade shi. Alal misali, idan an yi lissafin kwana 90 sai aka tsare ayari kwana 10 ana jayayya a kan garama, guzuri ya ƙaru da kashi ɗaya bisa tara ba tare da an matsa ko taki ɗaya ba. Saboda haka sau da yawa biyan abin da aka nema ya fi arha bisa ga zaman jira.

Na uku, tanadin ko-ta-kwana: mutuwar jaki, rashin lafiya, 'yan fashi, da lalacewar goro. Goro yana son a naɗe shi da ganyen fita, a riƙa kwancewa ana tsince ruɓaɓɓe, don haka jinkiri a hanyar dawowa asara ce biyu.

Abin lura shi ne fatake ba su cika ɗaukar guzurinsu a wuri ba, domin keso ɗaya, wato wuri 20,000, kaya ne guda. Sai su ɗauki kanwa da turkuɗi da kayan fata da gabu, suna sayarwa kaɗan-kaɗan a kasuwannin hanya suna ciyar da kansu.

4.0 Daga Gaisuwa zuwa Takarda

Cin Asante da Turawan Ingila suka yi a 1874 da yaƙin basasar Salaga na 1892 sun watsa kasuwar, fatake suka bazu zuwa Kete Karachi da Kumasi da Ankara. Gwamnatin Lugga ta ɗora nata harajin ayari a Arewacin Nijeriya a 1903, aka soke shi a 1907. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, sai goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan a loda shi a jirgin ƙasa. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka ci moriyar hanyar teku.

Daga nan izini ya tashi daga yardar sarki ya koma takarda, kuma mutanen zango sun ɗanɗana kuɗar rashinta. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta bai wa baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Gana. Mutane da yawa suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, har da waɗanda a nan aka haife su.

5.0 Matafiyin Yau

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasa ya zauna kwana 90 ba biza, muddin yana da takardar tafiya da katin rigakafin shawara. To amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairu 2025, don haka wajibi ne mai bin ta waɗannan ƙasashe ya bincika ƙa'idar da ke aiki kafin ya tashi. Haka kuma wanda ya taso daga Kano zai riƙe naira da sefa da sidi, kuma duk canji da ɗan abin da yake ci. Masu kawo albasa daga Nijar, waɗanda suka daɗe suna sauke kaya a Agbogbloshie kafin a mayar da kasuwar Adjen Kotoku a 2021, suna fuskantar irin matsalar goro: kwana ɗaya a bakin iyaka ruɓewar kaya ce.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kuɗin izini ba lallai ne ya zama mafi yawa a lissafi ba, amma shi ake fara warewa, domin in babu shi sauran guzurin a wurin jira zai ƙare. Sai a ƙirga kwanaki a ƙara wasu a kai, sannan a ajiye wani abu da ba a taɓawa sai ta ɓaci. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.