Riƙo ko Zama Tare: Ina Za a Kai Karen Matar da Ta Gudu?

A Amurka da Birtaniya akwai matan da ke shafe watanni suna shan dukan miji don kawai ba su da inda za su kai kare ko kyanwarsu. Mai karatu zai iya cewa wannan kam sai Turawa, amma ya tuna da matar da ta yi yaji hankalinta na kan awakin da ta baro a hannun wanda ya kumbura mata fuska. A 1998 Frank Ascione ya wallafa binciken da ya yi a wani gidan mafakar mata a jihar Utah, inda kashi 71 cikin ɗari na masu dabba suka ce mazan sun yi barazanar cutar da dabbar, ko sun cutar da ita, ko ma sun kashe ta. Ga shi akasarin gidajen mafaka mutum kawai suke karɓa.

Birtaniya ta fi karkata ga riƙo. Tun 2004 ƙungiyar Dogs Trust ta fara shirinta na Freedom a Landan, Cats Protection kuma tana yi wa kyanwoyi irinsa. Wani ɗan sa-kai ne zai ɗauki dabbar zuwa gidansa na 'yan watanni, ƙungiya ta biya kuɗin abinci da na likita. Ƙarfin tsarin yana cikin sirri: mai riƙo bai san mai dabbar ba, ita ma ba a gaya mata inda aka kai ta, sai dai a riƙa aiko mata da hotuna. Mijin da ke farautarta ba zai bi sawun kare ya gano ta ba. Kuma ba a gina ko ɗaki guda ba.

A New York sun ɗauki hanya mai tsada. A 2013 ƙungiyar Urban Resource Institute ta buɗe shirin PALS, inda mace ke shiga mafaka da 'ya'yanta da dabbarta, su zauna tare. Daga baya ta buɗe gini a Brooklyn wanda tun daga tushe da dabbobi aka tsara shi, kuma a Disambar 2018 dokar PAWS ta tanadi tallafin gwamnatin tarayya ga irin waɗannan gidaje. Matsalolin zama tare a fili suke. Kare zai yi haushi da dare, wani yaro yana tsoronsa, gashin kyanwa yana tayar wa wata da asma, sannan dole a fita da kare waje kullum, inda idon sani zai iya faɗa masa.

Duk da haka ni zama tare na fi so, kuma yara ne dalilina. Yaron da ya rasa gida da makaranta da abokai a dare ɗaya, sai kuma a raba shi da karen da yake rungumewa idan an fara ihu a falo? Hoto ba zai maye masa wannan ba. Akwai kuma batun lokaci. Riƙo yana buƙatar a cike takardu, a nemo wanda ke da wuri, alhali gudu ba ya jiran ranar aiki.

Inda riƙo ya yi zarra shi ne a wurin matar da ba mafaka za ta ba, sai gidan 'yar'uwa ko ɗakin hayar da mai gida ya hana dabba. Ita kam ginin Brooklyn bai amfane ta da komai ba, ɗan sa-kan nan ne gatanta.