Yadda Ake Hana Dauɗa Toshe Injin Matse Gas a Matatun Mai

Idan kana zaune a Dogon Dutsi ko Tibiri, fetur da gas ɗin girki da kake saya sun dogara ƙwarai da matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a shekarar 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. A shekarar 2015 lalacewar injin matse gas, wato kwamfuresa, ta tsayar da matatar har tsawon makonni. Ɗaya daga cikin abubuwan da kan kashe irin wannan inji ko'ina a duniya shi ne taruwar dauɗa a cikinsa.

Daga ina dauɗar take fitowa?

Duk gas ɗin da aka matse yakan yi zafi. Idan zafin ya wuce kimanin digiri 90, wasu sinadarai da ke cikin gas ɗin sukan haɗu su zama ƙaro mai danƙo, wanda ke mannewa a fukafukan injin, daga baya ya bushe ya yi tauri kamar gawayi. Tsatsa da iskar da ta kutsa daga waje suna hanzarta wannan. Injin da ke zuƙar iskar waje kuwa, ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabarsa.

Yaya za ka gane ta fara taruwa?

Idan kai ma'aikaci ne, lura da alamu 3: injin yana karkarwa fiye da yadda ya saba, zafin gas da ke fita yana ƙaruwa, yana kuma cin makamashi da yawa alhali aikinsa ya ragu. Ka riƙa rubuta awon kowace rana, domin dauɗa ba ta taruwa dare ɗaya.

Matakan rigakafi

1. A sanyaya gas tsakanin matakin matsewa da na gaba, ko a fesa tsabtataccen ruwa don rage zafi.
2. A riƙa zuba man wanki mai narkar da ƙaro tun bai bushe ba.
3. A sa sinadaran hana danƙo gwargwadon awo.
4. A shafe fukafukai da fenti mai santsi na musamman.
5. A sauya matatar iska kafin hunturu ya kama.

Ka tuna, rigakafi ya fi magani. Kuɗin man wanki na shekara guda bai kai asarar tsayawar matata ba, asarar da kan kai har ga manomin rani mai ban ruwa da injin fetur a Dallol Mawri.