Da kuɗin wa aka kawo famfo birnin Kano?

Duk ranar da famfo ya ƙafe a cikin Birni, ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar karatun jarrabawa, ba a rasa mai cewa ai tun da Bature ya tafi komai ya lalace. Sai ka ji ana lissafi: Bature ne ya kawo mana jirgin ƙasa, shi ya kawo famfo, shi ya gina asibiti. Mu matasa mun taso mun tarar da wannan magana, muna kuma maimaita ta. To amma akwai abin da ba a cika tambaya ba: daga aljihun wa kuɗin ya fito?

Baitulmali da haraji

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Ƙa'idarsu a lokacin ita ce kowace ƙasa da ke ƙarƙashinsu ta ɗauki nauyin kanta. Gaskiya ne a shekarun farko Landan ta riƙa aiko wa Arewa tallafi, domin abin da ake tarawa bai isa biyan sojoji da ma'aikata ba. Neman sauke wannan nauyi yana cikin dalilan da suka sa aka haɗe Arewa da Kudu a 1914.

Hanyar samun kuɗi kuwa ita ce haraji da jangali. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kawo Birni. Da farko rabi ake yi: kashi ɗaya na gwamnatin Turawa, ɗaya na hukumar gargajiya, wato En'e. Kason En'e shi ke shiga Baitulmali, asusun da aka fara gwadawa a Katsina kafin a kafa irinsa a Kano a zamanin Sarki Abbas. Daga nan ake biyan albashin sarki da hakimai da alƙalai da dogarai, abin da ya rage a yi ayyuka ko a adana. Sai dai ko sisi ba ya fita sai Razdan ya amince da kasafin, kuma akan ajiye rarar kuɗin a Ingila.

Dogo ya tsaya a bayan ganuwa

Layin dogo da ya taso daga Baro ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Da bashi aka gina shi, bashin kuma a wuyan ƙasar yake. Leburorin da suka sare daji suka haƙa ƙasa, da yawansu ta hannun sarakuna aka ɗebo su daga ƙauyuka, ko suna so ko ba sa so.

Ku lura da inda aka ajiye tashar. Tana wajen ganuwa, inda kamfanonin Turawa suka jera kantunansu. Manufar ita ce a fitar da amfanin gona zuwa bakin teku. Turawa auduga suka sa wa rai saboda masaƙun Ingila, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba suka koma mata. Daga nan aka samu dalar gyaɗa da manyan attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Kanawa sun amfana da dogo ƙwarai, amma buƙatar Bature ce ta shata hanyarsa.

Haka abin yake a tsarin gari. An keɓe wa Turawa unguwarsu a Nasarawa, kuma dokar lokacin ta ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin gidajensu da na 'yan ƙasa, wai don gudun cuta. Mutanen cikin Birni kuwa suna nan da rijiyoyinsu da kududdufai.

Ayyukan cikin Birni

Manyan ayyukan da suka shigo cikin ganuwa sun zo ne a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, kuma En'e ce ta ɗauki nauyin mafi yawansu. A ƙarshen shekarun 1920 aka buɗe asibitin cikin gari kusa da Ƙofar Mata, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala. A wannan tsakanin ne kuma aka kafa makarantar Midil, wadda ta zama Kwalejin Rumfa, da makarantar horar da alƙalai ta Shahuci.

Aikin da ya fi kowanne girma shi ne na ruwa da lantarki, wanda aka kammala a farkon shekarun 1930. An janyo ruwa daga kogin Challawa ta wajen Panshekara, ana turo shi zuwa tankunan da ke kan Goron Dutse, daga can ya gangaro cikin gari. Injiniyoyin Turawa ne, injunan ma daga waje aka sayo su, amma kuɗin na Baitulmalin Kano ne. Ke nan manomin Bichi ko Rano da ya sayar da akuyarsa ya biya haraji, da Bafillacen da aka ƙirga shanunsa, su suka sayi bututun. Mafi yawansu har suka koma ga Allah ba su ga famfo a ƙauyensu ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Sai a 1929 Ingila ta yi dokar ware wani abu don raya ƙasashen da take mulka, ta faɗaɗa ta a 1940 da 1945. Ko a shirin shekara goma da aka yi wa Najeriya a 1946, na fam miliyan 55, fam miliyan 23 ne kason Ingila. Sauran daga kuɗin shigar ƙasar da rance ya fito. A 1949 kuma aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, wadda ke saye a hannun manomi a farashin da ta yanka, ta sayar a waje da tsada, ta tara rarar. Wannan ma haraji ne, ko da ba a kira shi da sunan ba.

Abin da ya shafe mu

Ba laifi a yaba wa aikin da aka yi da inganci, kuma gine-ginen wancan zamani da dama suna nan tsaye. Amma wanda ya biya kuɗin ba a taɓa tambayarsa me yake so a yi masa ba. Irin wannan ƙorafi na cikin abin da jam'iyyar NEPU ta taso da shi a 1950, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979.

Yau ba a zuwa ƙofar gida karɓar haraji, amma muna biya a katin waya da kayan kanti, iyayenmu na biya a rumfunan Kurmi da Kwari da kuma cikin albashinsu. Kason jiha da ke zuwa daga Abuja shi ma dukiyar jama'a ce. Duk da haka har yanzu harshenmu bai sauya ba. Da muna cewa Bature ya yi mana, yanzu muna cewa gwamna ya ba mu, ciyaman ya taimaka mana da rijiyar burtsatse. Wanda ya ɗauki abu a matsayin kyauta ba ya iya tambayar kuɗinsa, in ya lalace kuma sai dai ya yi shiru ya nemi mai kura ya sayi jarka.

Saboda haka 'yan uwana ɗalibai, idan aka kafa allon kwangila a unguwarku, ku tsaya ku karanta. Nawa aka ware? Wa aka ba aikin, kuma yaushe zai gama? Wa zai kula da shi bayan an yanke ƙyalle an watse? Kowace shekara gwamna yana kai kasafin kuɗi gaban majalisar jiha, kuma kowace ƙaramar hukuma, daga Dala zuwa Gwale da Birni, tana da wakili a can. Ƙungiyoyin ɗalibai na unguwanni za su iya gayyatarsa ya zo ya yi bayanin abin da aka sa wa yankinsu. Malaman tarihi kuma su kai ɗalibai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da kan Goron Dutse, domin gani ya kori ji.

Kakanninmu sun biya ba tare da an ba su damar tambaya ba. Mu muna da ita, kuma Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.