Kafin Ka Aika Yaron Makanike Ƙofar Ruwa

Duk mai shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ya saba jin hayaniya a bakin shago a kan kayan gyaran mota da aka dawo da shi. Mai mota yana cewa abin bai hau ba, a ba shi kuɗinsa. Mai shago yana nuna masa rubutun da ke ƙasan rasidi, in ma akwai rasidin, cewa kayan da ya fita ba ya dawowa. Mafi yawan wannan rigima tun a gareji aka ƙulla ta, lokacin da mai mota ya zaro kuɗi ya miƙa wa makanike, makanike ya miƙa wa yaronsa, yaro ya hau acaɓa da abu ɗaya tal a bakinsa: "famfon mai na Honda." Wace Honda? Accord ta 2003 kaɗai akwai mai fulogi huɗu, akwai mai fulogi shida, kuma wadda aka yi wa kasuwar Amurka daban take da wadda aka yi wa Turai. Mutumin da zai tsaya ya juya buhun shinkafa ya duba bakinsa kafin ya biya, shi ne zai saki dubban nairori a kan ƙarfen da bai gani ba, ta hannun yaron da ko sunansa bai sani ba. Wannan sakaci ne, ba ƙaddara ba.

Abin haushin shi ne doka ta ba mai saye kariya mai ƙarfi, shi ne yake zubar da ita da hannunsa. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye. Sashe na 122 ya ce in ka faɗa wa mai sayarwa aikin da kake son kayan ya yi maka, ya ba ka, sannan cikin lokacin da hankali zai ɗauka aka gano bai dace da aikin ba, kana da ikon mayarwa ka karɓi kuɗinka cif. Haka ma in kayan ya zo maka ba ka samu damar dubawa ba, kuma ya saɓa wa abin da aka siffanta. Sashe na 132 kuma ya ba da wata uku daga ranar karɓa: in kayan ya fito da aibi, a gyara, ko a sauya, ko a mayar da kuɗi. Rubutun "ba a mayar da kaya" ba ya goge ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin dokar ta hana ɗan kasuwa kafa sharaɗin da zai tauye haƙƙin da ta bayar. A 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta yanke wa wani kamfanin sufuri hukunci cewa tsarinsa na ƙin mayar da kuɗi ya saɓa wa wannan doka.

To amma a lura da inda ƙarfin sashe na 122 yake: sai ka faɗi aikin. In yaro ya ce "na Honda" aka ba shi na Honda, lafiyayye, mai shago bai yi laifin komai ba. In kuma makanike ne ya yi kuskuren gano ciwon motar, ya sa ka sayi kwayil alhali fulogi ne ya mutu, dokar ba ta tilasta wa mai shago ya karɓi kayansa don kawai ka daina buƙata. A nan sai dai roƙo. Malaman fiƙihu ma sun raba biyun: mayar da kaya saboda aibi haƙƙi ne, amma iƙala, wato mai sayarwa ya yarda a warware ciniki don mai saye ya yi nadama, kyautatawa ce da ake kwaɗaitar da shi a kanta, ba wajibi ba. Masu zuwa shago suna ɗaga murya a kan abin da alfarma ce kawai za ta ba su, su ne ke sa 'yan kasuwa su taurare har ga mai gaskiya.

Ɗan kasuwa zai ce, kuma yana da hujja, ana cutarsa. Akwai makanikan da ke karɓar kayan wuta don gwaji, su jona a motar da wayoyinta suka haɗe, abin ya ƙone, su goge shi su dawo da shi a ce dama matacce ne. Akwai masu musanya sabo da tsohon da suka cire. Shi ya sa da yawa ke cewa kayan wuta ba garanti. Sai dai maganin wannan ba shi ne a rufe ƙofa ga kowa ba. Mai shago ya sa alamar fenti ko sa hannu a jikin kayan kafin ya fita, ya rubuta lambarsa a rasidi, a yi yarjejeniya a fili cewa kwana kaza ne na gwaji. Wanda ya yi haka ya tsare kansa daga macuci ba tare da ya danne mai haƙƙi ba. Kuma kada a manta sashe na 117 ya wajabta masa ya bayyana in kayan na hannu ne ko gyararre. A wanke tsohon shokozoba a shafa masa baƙin fenti a sa a kwali, wannan ha'inci ne ko da me aka rubuta a bango.

Wasu kuma za su ce kasuwarmu ta amana ce, neman rasidi kamar zargi ne. Ina amanar take ranar da aka dawo aka tarar da wani yaron a shagon, ya rantse bai taɓa ganin kayan ba? Sashe na 118 ya ɗora wa mai sayarwa ba da shaidar ciniki a rubuce, saboda haka ba alfarma kake nema ba. Kuma rasidin da aka rubuta "kaya, naira kaza" ba shi da maraba da babu. A rubuta sunan kayan, da lambar da ke jikinsa, da irin motar da shekararta, da ko sabo ne ko ɗan Beljiyam, da kwanan wata. Wannan layi guda, "na Accord 2003 mai fulogi huɗu", shi ne shaidar cewa ka faɗi aikin. Lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, tana nan a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba da cikin takardun mota. Ɗaukar hotonta a waya don a nuna wa mai shago ba ta cin minti ɗaya. A tafi da tsohon kayan da aka cire a gwada su gefe da gefe. A biya ta banki zuwa asusun shagon, ba asusun makanike ba, don sau da yawa kuɗin da ya karɓa a hannunka ba shi ne ya isa shago ba, kuma mai shago ba zai mayar maka da abin da bai karɓa ba.

In kayan bai hau ba, kada a bari makanike ya sa guduma, ko ya yanke soket, ko ya huda sabon rami don ya tilasta shi. Da zarar an taɓa shi haka, magana ta ƙare. A mayar da shi cikin kwalinsa a ranar ko washegari. In mai shago ya ƙi, a fara da shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwar, waɗanda sukan raba irin wannan gardama cikin sauri in akwai takarda. In abin ya gagara, FCCPC na karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, Kano na da hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha, akwai kuma kotunan ƙananan ƙararraki a Kano da Legas, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya. Duk inda ka je cikinsu, abin da za a fara tambayarka shi ne rasidi.