Me Ke Hankaɗa Fasinja Gaba Idan An Taka Birki?

Motar haya ta ɗauko gudu a hanyar Kano zuwa Zariya, sai ga akuya ta faɗo titi. Direba ya danne birki. Nan take kowa ya yi gaba: na kusa da direba ya gwara goshi da gilashi, na baya suka rungumi kujerun gabansu, buhun albasar da ke but ya taho ya daki bayan kujera. Ana salati, ana yi wa direba faɗa. Da za a tambayi fasinjojin nan, da yawansu za su rantse wani abu ne ya hankaɗo su daga baya. Alhali babu abin da ya taɓa su. Birki tayoyin mota ya kama, bai kama jikin kowa ba, don haka mota ta tsaya, jikin mutane ya ci gaba da tafiyar da yake yi.

Wannan ita ce ƙa'idar farko cikin ƙa'idojin motsi uku da Isaac Newton, masanin nan na Ingila, ya wallafa a 1687: abin da ke ajiye zai zauna a ajiye, abin da ke tafiya kuma zai ci gaba da tafiya a miƙe da saurinsa, har sai wani ƙarfi daga waje ya canja masa hali. Galileo na Italiya ya share masa fage, kuma tun kafin su biyun Ibnu Sina ya yi hasashen cewa abin da aka jefa ba zai daina tafiya ba in babu abin da ya tare shi. Hankali yakan ɗan yi gardama a nan, domin kowa ya ga ƙwallo ta gangara ta tsaya da kanta. To, gogar ƙasa da iska ce ta tsayar da ita. Ita dai wannan gogayya ce birki ke amfani da ita, yana mai da gudun mota zafi, shi ya sa birkin tirelar da ta sauko dogon gangare yake wari, wani lokaci har ya ƙi ci.

Ƙa'ida ta biyu ce ta fi shafar rai. Ƙarfin da ake bukata a tsayar da abu ya danganta da nauyinsa da kuma gaggawar tsayarwar. A ɗauki uwa a gidan gaba, rungume da yaro mai nauyin kilo 10, mota na gudun kilomita 50 a awa, gudun da direbobi ke kira tafiyar cikin gari. Idan motar ta daki wani abu ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, yaron zai fizge daga hannunta da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 140, kusan buhun shinkafa uku 'yan kilo 50. Duk son da take masa, hannunta ba zai iya riƙe shi ba.

Gudu kuwa lissafinsa ya fi haka muni, kuma nan ne mafi yawan masu tuƙi suke yaudarar kansu. Idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karo yana ninkuwa ne sau huɗu, haka ma tazarar da birki ke bukata kafin mota ta tsaya. Karo da bango a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A gudun kilomita 100, tsayin ya koma kusan mita 40, wato saman bene mai hawa goma sha wani abu. Ga kuma wata tazarar da ba a cika lissafawa ba: mota mai gudun 100 tana cin mita 28 a daƙiƙa guda, kuma tsakanin ido ya ga akuya da ƙafa ta sauka kan birki, daƙiƙar nan ta riga ta wuce. In taya ta suɗe ko ruwan sama ya jiƙa kwalta, gogayya ta ragu, tazarar ta ƙaru.

Ƙa'ida ta uku ba ta bukatar dogon bayani: duk abin da ya daki wani, shi ma ya sha duka daidai gwargwado. Goshin da ya fasa gilashi, gilashin ya rama.

Tunda ba a iya hana jiki tsayawa, dabarar da ta rage ita ce a tsawaita lokacin tsayawar, a kuma baza ƙarfin a wurare masu ƙwari. Aikin bel ke nan. Irin wanda ke ratsa ƙirji da ƙugu, injiniya Nils Bohlin ne ya ƙera shi wa kamfanin Volvo na Suwidin a 1959, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da shi kyauta. Soson da ke cikin hular kwano ma haka yake yi wa kan ɗan acaba. Gaban motocin zamani da ke lotsewa kamar gwangwani, har ana cewa ba su da ƙwari, da gangan aka yi su haka, don ƙarfen ya shanye dukan kafin ya iso ga mutum.

Jakar iskar da ke ɓoye cikin sitiyari kuwa aikin ilmin sinadarai ce. Babu tulun iska a ciki. Wani ɗan busasshen sinadari ne a ajiye, wanda da na'ura ta ji karo sai ta kunna shi da lantarki, ya rikiɗe ya zama iskar nitirojin, irin wadda ta kai kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa. Jakar tana cika kafin ƙiftawar ido, sannan ta sace ta ƙananan huji yayin da fuska ke nutsewa cikinta. Sai dai an tsara ta ne domin wanda ya ɗaura bel. Wanda bai ɗaura ba, jakar tana iya tarar fuskarsa tun tana tsakiyar kumbura ta ji masa mummunan rauni.

Direban da ke rataya bel a kafaɗa idan ya hango jami'an kiyaye haɗurra, ya sauke da zarar ya wuce su, tara kawai ya kauce wa. Ya kamata bel ɗin ya shiga maƙalarsa tun daga tasha, yara kuma a zaunar da su a kujerar baya.